Ranar da Aka Kai Batura Caji Ofis

Ga ta nan, ga ta nanku, ta tsallako katanga da ƙafa ɗaya.

Ta zo mu ji ta, in ba ta karye ba.

Wani maharbi ne ya shiga daji da jakarsa. Ya yi kiciɓis da Zaki, ya yar da jakar, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Namun daji suka taru suka zazzage jaka. Ga rediyo da batura biyu a cikinta. Ga wani baƙin akwati ɗan mitsitsi, da igiya, da faranti mai sheƙi a ƙarshen igiyar. Zaki ya ɗauki rediyo. Kura ita ce sajan ɗin 'yan sandan daji, ta ɗauki akwati da farantin ta ce shaida ce, ta kai ofis tana zama a kai.

To, Zaki ya kamu da wata cuta. Kullum da safe sai ya kunna rediyo ya saurari sanarwar rasuwa. In an gama bai ji sunansa ba, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ina nan." Sannan ya karya kumallo. Ya naɗa Bushiya Sarauniyar Rediyo, ita ke murɗawa, ita ke gogewa.

Ana nan, ana nan, ran nan mai sanarwa ya ce, "Inna lillahi, ana sanar da rasuwar..." sai rediyo ta yi ɗif.

Zaki ya dafe ƙirji. "Rasuwar wa?"

Shiru.

"Na ce rasuwar wa? Ni ne?"

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ga ka kana magana."

"Rufe mini baki! Ke kin fi rediyo sani ne?"

Aka kira Biri, ya buɗe bayan rediyo, ya lasa, ya girgiza kai. Ya ce batura sun mutu. Fada ta ɗauki salati. Kura ta matso tana haɗiyar yawu, ta ce, "Rai biyu, ranka ya daɗe, a hannun 'yar ƙayar nan. A ba ni ita in yi hukunci tun da zafinta."

Ita kuwa Bushiya ta taɓa zama shekara guda a ƙarƙashin rumfar mai cajin waya a cikin gari, tana cin kyankyaso tana kallon duniya. Ta san irin baturan nan. Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ba mutuwa suka yi ba, yunwa ce. Irinsu ba a binne su. Caji ake kai su."

Zaki ya ɗago. "Caji? Ashe masu laifi ne! A kai su caji ofis!"

"Ba wannan cajin ba, ranka ya..."

"Caji nawa ne a duniya? Sajan, tafi da su, ki haɗa da ita. Kwana uku. In sun tashi sun gaya mini wanda ya rasu, ta sha. In ba su tashi ba, Bushiya taki ce, har ƙayar." Ya koma ya miƙe a kan buzu, ya ce a rufe shi da mayafi kafin a tabbatar.

Kai Bawa mai sauraro, bar dariya, rai ne fa a tsakani.

Caji ofis gindin tsamiya ne. Kura ta ɗaure Bushiya a jikin saiwa, ta ajiye batura a kan tabarma. A ranta ta ce, in dai da sauran numfashi a jikinsu, ni zan ƙarasa shi.

Rana ta farko ta ce, "Sunanku?" Shiru. "Garinku?" Shiru. "Au, taurin kai?" Ta gartsa wa kowanne cizo. Aka kai fada aka gwada. Rediyo ta ce, "Assala..." ta mutu.

Zaki ya ce daga cikin mayafi, "Salla? Sallar gawata?"

Rana ta biyu Kura ta shanya su a kan fa, ta ce rana ta gasa su. Aka kai fada aka gwada. Rediyo ta ce, "Marigayin ya bar..." ta mutu.

Zaki ya fashe da kuka. "Na bar mata huɗu da rediyo!"

Rana ta uku Kura ta zo da gishiri da yaji, ta hura wuta kusa da Bushiya, tana 'yar waƙa. Bushiya ta dubi wuta, ta dubi gishiri. Sai ta tuntsire da dariya.

"Me kike wa dariya, abincin rana?"

"Ba komai, Yallaɓai. Ofishinki nake kallo. A gari in an kama ɓarawo gadurum ake jefa shi. Ke kuwa kin shimfiɗa musu tabarma kamar surukanki sun zo gaisuwa. Saura ki dama musu fura."

Kura ta murtuke. "Wa ya ce ba ni da gadurum?"

"Kina da shi mana, kin danne shi da ɗuwawu. Wannan baƙin akwatin. Gadurum ɗin batura ne, ɗaki biyu, ko juyi ba a yi a ciki. Ni dai ina roƙonki kada ki saka su. Wallahi ban taɓa ganin batirin da ya shiga ya fito yadda ya shiga ba."

Ka ji rantsuwa, kuma ba kaffara.

Kura ta yi tsalle ta buɗe akwati. Ta cusa batura. Bushiya ta ce, "Wayyo, kar dai ki sa kansu wajen wannan alamar ta cikin akwatin, ta nan ya fi zafi!" Kura ta gyara su daidai alamar. Bushiya ta ce, "Wayyo, kar dai ki kai farantin nan rana!" Kura ta kai shi tsakiyar rana, har tana goge shi da wutsiya. Sai wani ɗan ido ja ya buɗe a jikin akwatin.

"Wannan fa?"

"Gandiroba ne, yana azabtar da su. In idon ya koma kore, an gama da su."

Kura ta tsuguna tana gadi. Hantsi ya yi, ido ja. Azahar ta yi, ido ja. La'asar sakaliya, ido ya koma kore shar. Kura ta kwashi batura da Bushiya da gishirinta, sai fada.

"Ranka ya daɗe, a gwada na ƙarshe, wutata tana ci."

Biri ya saka batura, ya murɗa. Rediyo ta kece da ƙara har tsuntsaye suka watse, ana maimaita sanarwar: "Marigayin, wani tsohon tela ne, ya rasu yana da shekara casa'in."

Zaki ya yaye mayafi. "Ni tela ne?"

Fada ta amsa, "A'a!"

"Na taɓa ɗinki?"

"Ko ɗan kamfai!"

"A kawo abinci! A kwance Bushiya!"

Kura ta tsaya baki buɗe, gishiri na zuba. Yunwa ta ci ƙarfinta, ta zube. Zaki ya ce, "Sajan ta mutu ne?"

Bushiya ta ce, "Yunwa ce, ranka ya daɗe. Irinta ba a binnewa."

"To a yi mata caji."

Aka kwantar da Kura a tsakiyar rana, aka sa mata igiya a baki, aka ce kada ta motsa sai idonta ya yi kore. Bushiya ta naɗe akwatinta ta rataya, duk bayan kwana uku tana ciyar da batura, ba a sake zaman makoki a fada ba. Kura kuwa, duk wanda ya haɗu da ita ya duba idonta. Har yau ja ne, cajin bai cika ba.

Saboda haka in abu ya yi shiru a hannunku, ku tambaya tukuna, mutuwa ce ko yunwa, kafin ku haƙa rami. In kuma an ce muku caji, ku tambaya wanne.

Ƙurunƙus kan ɗan bushiya. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce na cika ta har ta yi kore.