Rijiyar Zartsi a Lambun Baba Nomau

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, ga wata na kawo muku. Amma ku kasa kunne sosai, don ba kyauta zan ba ku ita ba, alƙalanci za ku yi mini a ƙarshe.

A wani gari can gabas, wajen Nguru, an yi wani dattijo ana ce masa Baba Nomau. Sana'arsa renon itatuwa: lemo, gwaba, mangwaro mai aure, yana shuka su a 'yan ledoji, manoma su zo su saya su dasa. Tun yana saurayi lambunsa a bakin kogi yake, sai wata damina ambaliya ta zo ta share wurin tas. Ya kwashe abin da ya tsira ya koma tudu, ya sa aka haƙa masa rijiya. Ruwa ya fito garau. Baba Nomau ya sha, ya yi hamdala, ya ce ko a gidan gwamna ba a shan irin wannan.

Ba a jima ba ganye ya fara ƙonewa daga baki-baki, kamar an bi shi da ashana. Ƙasar cikin ledojin ta yi fari a sama. Ya ƙara ban ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Rijiyar da ya ji daɗinta kuwa ko kusa bai kawo ta a ransa ba. Ya fara zargin akuyar maƙwabci, wai numfashinta ne. Ya koma kan wani abokinsa da ya taɓa leƙowa ya ce lambu ya yi kyau, bai haɗa da masha Allah ba, sai Baba Nomau ya daina gaisawa da shi. Ya samo ƙoƙon kan jaki ya kafa a tsakar lambu. Masu saye suka tsorata suka daina shigowa, itatuwa kuma suka ci gaba da mutuwa. A ƙasan duk wannan faɗan, tsoro ne fal a cikinsa, don bai iya wata sana'a ba, kuma mangwaron nan irin mahaifinsa ne, in ya ƙare ya ƙare ke nan.

To, yana da 'ya'ya uku: Lantana, Sallau da Tanimu.

Lantana ce babba, tana sayar da abinci a tasha. Ran nan ta zo gaishe shi, ta ga ya rame, ta ce bari ta dafa masa wake nan cikin lambu. Ta ja ruwa a rijiya ta ɗora tukunya, sai ta tuna ta manto kanwa a gida. Kafin ta gama neman takalminta ta koma ɗaukowa, wake ya nuna luguf, yana neman zama fate.

Ta ce, "Baba, wa ya zuba wa ruwan nan kanwa?"

Ya ce, "Wace kanwa? Ruwan da nake sha kullum?"

Ta ce, "Ashe shi ya sa tun daga bakin ƙofa ake jin ƙugin cikinka."

Ya hau ta da faɗa, ba ta kula shi ba. Ta zuba ruwan a faranti ta ajiye a rana, da ya bushe sai ga farin gari ya kwanta a ƙasa. Ta miƙa masa. Baba Nomau ya dangwala ya lasa. Rijiyar mai zartsi ce, da hannunsa yake ɗura wa itatuwansa gishiri da kanwa safe da yamma. Da la'asar aka gan shi ya sauke kan jakin, ya je ya gaishe da abokinsa kamar ba abin da ya faru.

An gane cuta, saura magani. Baba Nomau ya tace ruwan da rariya, ya tace da ɗankwali, ya jefa alam, zartsi yana nan daram. Sai Sallau, wanda yake direban babbar mota, ya cika jarka da ruwan ya tafi da ita Kano, wurin masu sayar da injin tace ruwa. Mai shagon farko ya ce nasa ko ruwan kwata ka zuba zai fito kamar hawaye. Sallau ya ce, "A zuba nawa." Aka zuba, ya kurɓa, zartsi bai motsa ba. Haka ya yi ta bi shago shago yana kurɓa, har sai da ya san hanyar duk wani banɗaki na kasuwar. A ƙarshe ya faɗa wurin wani mai gaskiya, wanda ya ce masa matatar da aka saba da ita, laka da datti take kamawa, gishirin da ya narke kuwa wucewa yake abinsa. Sai dai irin wanda famfo ke matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fata da ko gishiri ba ya ratsawa, wanda ake kira Ar-O. Aka gwada, Sallau ya kurɓa, ya ji ruwa salam. Aka nuna masa ƙarami na kicin, yana ɗigo kamar hancin mai mura, ya ce wannan sai itatuwa su mutu a layi. Ya zaɓi wanda zai ishi lambu, da matatar yashi a gabansa don kada fatar ta toshe, da sola, tunda wutar garinsu baƙuwa ce.

Ya buga waya gida. "Baba, na samu. Ar-O ne."

"Aro? Ni Nomau, da girmana, in zauna da kayan aro? Mayar musu! In ba saye ba, ba na so!"

Da ƙyar aka fahimtar da shi suna ne kawai.

Aka kafa inji. Sabon ganye ya fito ba ƙuna, Baba Nomau har goge injin yake da hularsa. Sai kuma murna ta koma ciki. Ganyen ya fara yin rawaya, ya yi laushi kamar mai jinya, itatuwan gefen shinge kuma suka bushe ƙurmus. Ransa ya ɓaci, ya ce an cuce shi, ya ɗauko taɓarya zai farfasa injin. Ya ɗaga ke nan sai ga Tanimu, autansu, ya dawo daga noman rani, ya riƙe hannunsa.

"Baba, tsaya in duba tukuna."

Tanimu ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya. Ashe injin baki biyu gare shi, ɗaya na fitar da ruwa mai kyau, ɗayan na tofar da zartsin da aka tace. Baba Nomau kuwa, don gudun almubazzaranci, ya riƙa tarar na biyun yana shayar da itatuwan gefe. Shi kuma ruwan mai kyau ya yi kyau har ya wuce gona da iri, don injin bai san na ci da na zubarwa ba, ya kwashe har abincin da saiwa ke samu a ruwa.

Tanimu ya ce, "Ka ba su ruwa, Baba, amma ka sa su azumi."

Ya riƙa surka ruwan da ɗan kaɗan na rijiya, ya jiƙa takin tumaki yana haɗawa. Ruwan zartsin kuma ya ja masa kwalbati can ƙarshen fili, ya dasa dabino a wurin, don shi dabino bai damu da zartsi ba. Kafin damina lambu ya yi shar, masu saye har daga ƙauyuka.

Lambu ya miƙe, gadon bayan Baba Nomau kuma ya ƙi miƙewa. Ya ga lokaci ya yi da zai danƙa wa ɗaya daga cikinsu riƙon wurin, ga shi ba ya rabuwa, rijiya ɗaya ce, inji ɗaya. Ya tara su.

Lantana ta ce, "Ba don ni ba, da har yau akuya ake tuhuma." Ya ce wallahi gaskiyarta.

Sallau ya ce, "Sanin cuta ba ya tsayar da ita. Cikina ne ya biya kuɗin zaɓen injin nan." Baba Nomau ya ce wallahi shi ma gaskiyarsa.

Tanimu ya ce, "Injin da na tarar ana shirin dakawa da taɓarya?" Baba Nomau ya cire hula ya sosa kai, ya ce su ba shi zuwa bayan sallah. Sallah biyu ta wuce, bai zaɓi kowa ba.

To, jama'a, ga ta nan a gabanku. Wadda ta gano cutar, da wanda ya zaɓo injin, da wanda ya san yadda za a yi da ruwan, wane ne a cikinsu ya fi cancanta a miƙa masa lambun?