Bijimin da Alhaji Zulkifilu Ya Hana Mutanen Kurudu

Akwai wani bawan Allah a Orozo, Alhaji Zulkifilu. Da ya ajiye aikin gwamnati sai ya koma kiwon shanun nama, kuma Allah ya sa masa albarka.

A garkensa akwai wani jan bijimi mai suna Gwarzo. A hannunsa aka haife shi, shi ya raine shi. Ga faɗin ƙirji, ga cinya, ga tsayi. Duk baƙon da ya zo gonar, wajen Gwarzo ake fara kai shi.

Wata ƙungiyar ƙananan makiyaya a Kurudu, ƙarƙashin Madam Justina, ta nemi ya sayar mata da Gwarzo don ya riƙa hawan shanunsu. Yawancinsu saniya ɗaya ko biyu gare su, da ita suke riƙe gida. Alhaji ya amince, aka sa rana.

Kafin ranar, ya kira likitar dabbobinsa, Dakta Serah, ta ciri gashin jelar bijimansa ta aika a gwada abin da suka gada a jini. Shi dai so yake a tabbatar masa da abin da idonsa ya daɗe da gani.

Da sakamako ya fito, ta zo gonar da kanta.

Ta ce, "Alhaji, Gwarzo lafiyarsa ƙalau. Amma yana ɗauke da wata nakasa a jininsa, ba ta nunawa a jikinsa. In ya hau saniyar da ita ma take ɗauke da ita, cikin maruƙa huɗu ana iya samun ɗaya ya zo da ƙafafu a nannaɗe. Ba ya rayuwa, wani lokacin har uwar takan mutu wajen haihuwa."

Alhaji ya ce, "To ai sai in saniyar ma tana da ita."

"Shanun Kurudu da Gwarzo kakansu ɗaya, Alhaji. Daga bijimi ɗaya na ƙasar waje aka yi wa iyayensu allurar iri."

Sannan ta nuna masa wani baƙin bijimi da ko suna ba a sa masa ba. Ta ce wannan jininsa tsaf yake, kuma gwajin ya nuna 'ya'yansa za su zo da sauƙin haihuwa, su yi saurin girma.

Rilwanu, ƙanin Alhaji, da ya ji maganar, ya ja shi gefe.

"Yaya, wa ya tambaye ka? Bijimi lafiyayye ne, kowa ya gani. Ka bar maganar nan a tsakaninmu."

Alhaji ya daɗe yana kallon Gwarzo. Abin ya yi masa ciwo, don ya sha cika baki a kansa. Daga baya ya ce, "Rilwanu, su ba su sani ba, amma ni na sani."

Ranar ɗauka, Madam Justina ta iso da mota da 'yan ƙungiya. Alhaji ya faɗa musu komai, ya ce ga baƙin nan su ɗauka maimakonsa.

Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Oga, faɗa mana gaskiya. Wani babban mutum daga Maitama ya zo yana so, ko? Shi ya sa za ka ba mu wannan ƙarami."

Sauran suka hau gunaguni. Wasu har sun koma mota.

Alhaji bai yi musu ba. Ya juya wajen Dakta Serah, wadda ita ma tana wurin, ya ce, "Dakta, ki fiɗiye Gwarzo yanzu, a gabansu."

Kowa ya san bijimin da aka fiɗiye ba ya sake haihuwa, sai dai a kai shi mahauta. Aka kayar da Gwarzo, Dakta ta yi aikinta. Alhaji yana tsaye, bai kau da kai ba.

Madam Justina ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Ka yi haƙuri, Alhaji. A sa mana baƙin a mota."

Da haihuwa ta kama a Kurudu, Madam Justina ta kira Alhaji ya zo ya gani. Gida-gida ta zaga da shi. Maruƙa sun zo lafiya, ba saniyar da ta sha wahala.

A gidan ƙarshe suka tarar da wata dattijuwa, Baba Fadima, a tsugune gaban saniyarta da ta haihu da safen nan. Maraƙin ya yi tangal-tangal, ya miƙe, ya kama nono.

Ta ɗago ta dubi Alhaji. "Ita kaɗai mai gidana ya bar min. An ce kai ka hana a kawo mana wancan. Allah ya tsare maka zuriyarka."

Alhaji ya ce amin.

Daga wannan shekarar, duk mai neman bijimin iri daga Karshi har Karu, Orozo yake nufa, kuma abin da Alhaji ya ce ya ɗauka, shi yake ɗauka.

Darasi: Kyan gani ba ya nuna abin da ke cikin jini, don haka a bincika kafin a zaɓi iri. In kuma ka san aibin abin hannunka, faɗe shi ko da ba a tambaye ka ba. Ku tura wa makiyaya da 'yan kasuwar da kuka sani, su ma su karanta.