Wanzamin Fadama

Ga wata nan tafe, ku matso.

Shekara bakwai Kurege Ɗantambai yana yawon duniya. Da ya dawo fadamarsu, ya tarar kukar bakin hanya ta faɗi, gafiya ta tare a raminsa, Dorina ta ƙara ƙiba har ta zama Sarkin Ruwa. Kuma an kafa doka, ba mai taɓa kifi sai ranar bikin su, ga Kada yana gadi. Ɗantambai kuwa kwanansa biyu bai ci komai ba.

Sai ya shafe jikinsa da laka, ya kifa ganyen bado a ka, ya je ya faɗi gaban Dorina.

"Ranki ya daɗe, ni ne wanzamin da ya yi wa teku aski. Fadamarki ba lafiya. Sumarta ta yi yawa, ga mataccen jini."

Dorina ta tsorata, ta tambayi magani. Ya ce aski da ƙaho. Nan take ta bi ciyawa ta tattake, Kada ya fasa gaɓa da wutsiya don jinin ya fita. Ruwa ya tsiyaye, tarwaɗa na ta birgima a taɓo. Ɗantambai ya ce su rufe ido, ba a kallon mai jinya. Ya ci har cibiya ta juye, sauran ya jide zuwa sabon ramin da ya haƙa a gangare, yana rawa yana yi wa kansa kirari.

Da gari ya waye, aka maka ruwa kamar da bakin ƙwarya. A da, ciyawar nan ce ke tare ambaliya, fadama ta shanye a hankali. Yanzu an aske ta ƙwal. Ruwa ya bi hanyar da Kada ya fasa, bai zame ko'ina ba sai ramin wanzami. Ruwan ya fito da Ɗantambai, da kifin, ya wanke lakar tas, ya dire shi gaban Dorina.

Ta dube shi ta ce, "Ashe ɗan gidan Tambai ne. Kada, yi masa ƙaho."

Wutsiya ɗaya Kada ya sakar masa, sai ga shi a bayan kukar nan da ta faɗi. Ya tashi yana ɗingishi, ya hango su suna toshe gaɓa da laka. Ya ɗaura ƙunshinsa a sanda, ya ce:

"Garin da bai san darajar wanzami ba, ni ba na zamansa. An ce tafkin gabas ma ya tara suma."

Ƙurunƙus, kan tarwaɗar da ta koma ruwa.