Waƙar Madina da Alfari Ya Goge

Akwai wani ɗan jarida da aka yi a Gaya, sunansa Alfari, a shekarun farko na samun ƴancin kai. Shi ke aika labaran yankin zuwa rediyo a Yamai.

An ba shi akwatin ɗaukar murya, amma zaren da ake naɗe magana a kai ba ya isarsa. Idan ya cika, sai a goge tsohuwar magana a ɗora sabuwa.

Matarsa Madina ƴar Bengu ce, daga gidan masu dafa gishiri a kwarin Foga. Ta iya waƙar da mata ke yi suna tsaron tukwane, amma kunya ba ta barin ta rera a gaban miji. Sai dai Alfari ya laɓe bayan zana ya saurara.

Wata rana da hantsi ya ajiye akwatin a gabanta.

"Haba ƴar gishiri, ko baiti ɗaya."

"Malam, so kake Baba ya ji ni a rediyo, in rasa inda zan sa kaina?"

"Wallahi nawa ne ni kaɗai."

Ta juya masa baya, ta ja mayafi, ta rera. Tana tsaka da waƙar dariya ta kama ta, akwatin ya ɗauke har dariyar. Alfari ya ɓoye wannan zaren cikin kayansa.

Bayan damina, wani babban ma'aikaci ya zo daga Doso zai yi jawabi a bakin kasuwa. Alfari ya duba, zarensa duk ya cika da aikin da bai aika ba. Na Madina kawai ya rage. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗauka.

Da ya dawo ya gaya mata ya ɗora jawabin a kan waƙarta.

"Ya dai yi magana mai daɗi?" in ji ta, ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Kar ki damu. Ai ke kullum kina nan. Gobe ma sai ki sake."

"To, Allah ya kai mu."

Da goben ta zo ya tafi Bana, washegari Junju, daga nan Yamai. Jawabin ma ba a sa shi a rediyo ba, an ce ya yi tsawo.

Da ruwa ya sake sauka, zazzaɓi ya kwantar da Madina. Ba ta tashi ba. Ta bar masa ƴarsu Kadi, ko yaye ta ba a yi ba.

Alfari ya ajiye aikin rediyo. Rani bayan rani yana zaune da matan Foga, hayaƙi na cin idonsa, yana jin labarin aikinsu da rayuwarsu, har ya rubuta littafi a kansu. Tsofaffi suka rera masa waƙar nan, ya sa kalmominta a ciki. Littafin ya karɓu, ana gaishe shi da shi har Yamai.

Da Kadi ta girma ta shiga lakwal, wato makarantar boko, wata rana ta zauna kusa da shi tana karanta waƙar a bayyane. Sai ta tsaya.

"Baba, an ce Inna ta fi kowa iya wannan. Muryarta siririya ce, ko mai kauri?"

Alfari ya buɗe baki zai amsa. Sai ya ji muryoyin tsofaffin Foga ne kawai a kunnensa.

"Bari in tuna, uwata," in ji shi.

Kadi ta rufe littafin tana jira. Har aka kira la'asar bai tuna ba.

Darasi: Kada ka ɗauke abin wanda yake ƙaunarka ka ba baƙo don kana ganin shi kullum yana nan. Ba wanda aka yi wa alkawarin gobe. Ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku zauna kun saurare shi ba.