Furen da Aka Shanya a Saman Shanu

A kwarin Emmental akwai wani manomi mai suna Reto Zbinden. Ɗan gidan mutunci ne, sai dai Allah ya yi shi da gaggawa. Yana da lasisin noman wiwi irin ta magani, wadda ba ta bugarwa. A shekarar da nake ba da labarinta ne Malama Lüthi, mai kantin magani a garinsu, ta amince za ta karɓi furensa domin majinyatanta, muddin ya bushe yadda ya kamata. Sunan gidan Zbinden kaf ya rataya a kan wannan alkawari.

Lokacin kaka ya zo da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ɗakin shanya kuma ya cika. Maimakon ya jira, sai Reto ya kwashi furen ya rataye a benen ciyawa, saman garken shanu, wai ɗumin dabbobi zai gama aikin da wuri. Bai tuna cewa numfashin saniya tururi ba ne.

Matarsa Vreni ta hau benen ta lanƙwasa reshe guda. Ya tanƙwaru kamar igiya, bai karye ba.

"Maigida, karan nan ko ƙas bai ce ba," in ji ta.

"To zauna ki saurare shi har Kirsimeti, sarauniyar kunne," ya amsa yana dariya.

Ya murza fure a yatsunsa, ya ji bayansa ƙamas, ya ce magana ta ƙare. A ranar ya ɗura komai cikin kwalabe, ya toshe bakinsu gam.

Ranar kai kaya ya sa rigar zuwa coci, ya jera kwalaben a kan teburin Malama Lüthi, kanti cike da mutanen gari. Tana buɗe ta farko, wari irin na fitsarin shanu ya gauraye wurin. Wata tsohuwa da ke jiran maganin tari ta ja da baya, hannu a hanci. Malama Lüthi ta tsaga fure biyu. Cikinsa furfura ce ta fumfuna, har ƙura na tashi. Reto ya buɗe ta biyu da kansa, ya buɗe ta uku. Laimar da ta ɓuya a tsakiya ta fito ta cinye duka.

Malama Lüthi ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna tsohuwar nan ta ce, "Malam Zbinden, huhun wannan baiwar Allah ka so in zuba wa wannan?"

Reto ya kwashe kwalabensa ya fita. Kafin ya isa gida, labari ya riga shi. Da yamma aka ƙone amfanin shekara a bayan garke, kuma tun daga lokacin babu mai kantin da ya sake taka gonar.

Darasi a nan a bayyane yake. Bushewar baya ba ta shaidar bushewar ciki, kuma duk wanda ya hana abu lokacinsa, to ya shirya asarar abin da sunansa tare. Wanda aka damƙa wa lafiyar mutane ba shi da ikon yin gaggawa.