Ƙosan Alhaji Barau da Kujerar Makka

Ku gyara zama. Kai mai rediyo, kashe ta. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi nasa hukuncin.

A garinmu akwai wani dattijo, Alhaji Barau, manomin wake na ji da gani. 'Ya'yansa uku, amma in ka gan su ba ka cewa ciki ɗaya suka fito.

Babbar ita ce Uwani, wadda ta karanci kimiyyar sinadarai har ta ƙure ta. Tun tana budurwa har furfura ta fara leƙo mata, abu ɗaya take bincike a jami'a, wato takarda. Ba ta rubutu ba fa. Takarda ce da ake zana wa 'yan hanyoyi sirara da kaki, a sa magani a ƙarshen kowace hanya. In ka ɗiga mata jini ko ruwan abinci sai ta tsotse, ruwan ya bi hanyoyin nan da kansa, ba lantarki ba inji. In da guba a ciki, wurin ya rine nan take. Uban bai taɓa gane kan wannan aiki ba. In an tambaye shi me Uwani ke yi a birni, sai ya ce takarda take jiƙawa, gwamnati na biyanta.

Na biyu Tanimu. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya sani, amma hannunsa ba ya zama. Ka ajiye abu ka juya baya, kafin ka waigo Tanimu ya samo masa aiki a wani gida.

Auta kuwa Dije, mai sayar da atamfa. Duk ankon garin ita ke fitarwa, kuma in ta ga launi mai kyau hankalinta ya bar jikinta. Yarinyar nan ta taɓa zuwa ta'aziyya, ana cikin addu'a ta kama mayafin matar mamacin tana tambayar inda aka saya.

To, sai aka ba Uwani matsayin Farfesa. Alhaji ya ce ko bai san abin da take yi ba, walima dole, a yi koko da ƙosai gari ya karya kumallo a ƙofar gidansa. Uwani ta zo da wata jaka, cike da sababbin takardunta masu gano maganin ƙwari a abinci, manya-manya, ba a ma yayyanka su ba. Wani taro za ta kai su a ƙasar waje. Ta tura jakar ƙarƙashin gado, ta ja kunnen kowa, ta ce ko ƙura ba ta yarda ta taɓa su ba.

Ga inda aka yi kuskuren. Alhaji yana da buhu guda da ya ware na iri, kuma tsakaninsa da ƙwarin wake gaba ce ta har abada. Ya tuttula wa buhun nan maganin ƙwari na fiya-fiya, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara, don ƙwari su ji a jikinsu. Bai gaya wa kowa ba. Mata suka shiga ɗakin ajiya suna sauri, suka ga wake fes ba huji ko ɗaya, suka ce ai ga na walima. Aka surfa, aka wanke, aka markaɗa da albasa da attaruhu, warin maganin ya ɓace.

Da safe Gwaggo Kande mai suya ta ɗora kasko, sai aka ga ba takardar naɗi. Aka aiki Tanimu ya nemo tsohuwar jarida. Wa ya ga Tanimu da zuwa kasuwa alhali ga gado kusa? Ya dawo da takardun Farfesa a hammata, yana yabon kansa, wai ya samo fara sol mai kauri har da ado. Gwaggo ta karɓa da hannunta duk ƙullu, ta naɗe sahun farko. A gidan nan kuwa ba mai kai loma baki sai maigida ya fara, don haka aka kai wa Alhaji zaure, jama'a na haɗiyar yawu.

Tsoho ya ja kwanon koko, ya yi bismilla, ya ɗauki ƙosai. Daidai nan Dije ta zo wucewa, ta hango takardar da ke cinyarsa tana rinewa, shunayya na bin 'yan hanyoyin nan tana buɗewa kamar fure. Ba sallama ba gafara, ta fizge takardar, ta bugi hannun ubanta, ƙosai ya watse a ƙasa. Alhaji na salati yana neman sandarsa, ita ta riga ta kai cikin gida wurin Uwani.

"Yaya, don Allah dubi zanen nan! A ina aka buga shi? Wallahi in na sa aka yi atamfarsa, bana ba mai fitar da anko sai ni."

Uwani ta ga takardarta sharkaf da mai, ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu. Sai idonta ya faɗa kan launin. Farfesa guda, ba ɗankwali ba takalmi, ta fito a guje ta kifar da ƙwaryar ƙullu, tana cewa kada wanda ya ci. Mutane suka ce boko ya taɓa ta. Ana cikin haka zakaran gidan, da ya tsince ƙosan da ya zube, ya fara tangaɗi, ya yi juyi, ya miƙe ƙafafu sama.

Alhaji ya dubi zakaran nan, sannan ya ce:

"Da yanzu ni ne a kwance haka. Kujerar Makka da na biya bana, na fasa. Na taɓa zuwa. Wanda ya cece ni a cikinku, shi zai tafi."

Nan fa gida ya yamutse.

Uwani ta ce maganar ma ba ta taso ba. Ƙuruciyarta duk ta ƙare a kan takardar nan, kuma ita kaɗai ta san abin da launin ke nufi. Da jarida aka naɗe ƙosan, da yanzu ana haƙa kabari. Ƙannen suka ce haka ne, amma ita da bakinta ta hana a taɓa, kuma kwana ta yi gida ɗaya da waken bai faɗo mata ta gwada shi ba.

Tanimu ya ce takardar da ke ƙarƙashin gado ba ta ceton kowa. Shi ya haɗa ta da ƙosai, kuma yau ya kamata a daina zagin hannunsa. Uwani da Dije suka ce ƙyuya ce ta kai shi ƙarƙashin gado, kuma ba a taɓa jin an kai mutum Makka don ya buɗe jakar da aka hana shi ba.

Dije ta ce takarda ta rine, an ji, amma mutum nawa ne a zauren suka gani? Ƙosan na dab da bakin Baba, hannunta ne ya kaɓe shi. Yayyen suka ce anko ta gani, ba uba ba, kuma da Baba ya riga ya haɗiye, ita dai da takardarta za ta wuce.

Har yanzu Alhaji bai yanke ba, bai kuma sake kallon ƙosai ba. Lokacin tashin maniyyata na matsowa, kujera ɗaya ce, kuma ukun duk sun ɗinka jaka. To ku da kuke zaune, in ku ne Alhaji Barau, wa za ku raka filin jirgi?