Canelo, Karen Saman Rufi

Akwai wani tsoho mai gyaran takalma a unguwarmu, bayan babbar kasuwar Oaxaca, sunansa Crescencio. Kamar yawancin gidajen layinmu, a saman rufin siminti ya ajiye karensa Canelo don gadi. Tun yana kwikwiyo aka ɗora shi, shekara tara ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Canelo bai san komai a duniya ba sai tankin ruwa, igiyar shanya, da mutum ɗaya mai hawo masa da kwano.

Da Crescencio ya rasu, ɗansa Fulgencio ya zo daga birni ya sayar da gidan. Mai saye ya ba da mako uku a kwashe komai. Komai ya kwasu, ban da Canelo. Duk wanda ya taka matakala sai ya tarar da shi a sama, haƙora waje, jiki na ɓari.

Fulgencio ya ce zai kira ma'aikatan hukuma su yi masa allurar mutuwa. Ƙanwar marigayin, Doña Eufrosina, mai sayar da tamale, wato dafaffen ƙullin masara a ganye, a bakin kasuwa, ta ce a bar mata shi.

"Goggo, kare ne fa, ba amarya ba, da za a tsaya lallashi," in ji Fulgencio. "Ki ba ni igiya da minti biyar."

"Minti biyar ɗinka na san su," ta ce. "Tsoro ne ke cin sa, ba mugunta ba. Ka je ka yi harkar takardunka."

Kullum ta tashi daga kasuwa sai ta ɗaura tsohon ƙyallen aikin yayanta, mai warin fata da gam, ta hau da gwiwoyinta masu ciwo. Ba ta kallon idonsa, ba ta miƙa hannu. Takan juya masa baya ta zauna, tana jefa guntun kaza ta bayanta. Kwana huɗu ba ya ci sai bayan ta tafi. A na biyar ya ci tana zaune.

Daga nan ta fara sauko da kwanon, kowace rana taki ɗaya. Matakalar taki goma sha takwas ce. Mu maƙwabta muna leƙe ta katanga muna dariya, ni ma da ni aka yi, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Ranar da Canelo ya kai taki na goma, Fulgencio ya ƙosa. Ya bari goggonsa na kasuwa, ya zarga wa karen igiya a wuya ya ja. Canelo ya kafta masa cizo a hannu, ya gangara gefe ya bugu, ya ja ƙafar baya ya koma bayan tanki. Aikin mako biyu ya rushe a cikin minti biyar ɗin nan.

"Asabar da safe ma'aikatan za su zo," Fulgencio ya ce mata, hannu a naɗe. "Magana ta ƙare."

Sauran kwanakin ta yi ta hawa, amma ko kwanon bai kalla ba.

Ranar Asabar Doña Eufrosina ta zo da wuri. Ba ta hau ba, ta zauna a takin ƙarshe na ƙasa da ƙyallen a jikinta, ta fara magana da wanda ba ya nan. Ashe shekara shida ita da Crescencio ba sa ga maciji, a kan wata 'yar magana da ita kanta ta manta farkonta.

"Yaya, layi biyu ne tsakaninmu, na kasa takowa," ta ce. "Kullum ina jira kai ka fara. Yanzu ga ɗan abin da ka bari, shi ma na kasa."

Ta kifa kai tana kuka. Ta daɗe a haka, sai ta ji hanci mai sanyi a gwiwar hannunta. Ba ta waiwaya ba, ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba. Canelo ne, ya sauko taki goma sha takwas da ƙafa uku.

A haka Fulgencio ya same su, da ma'aikata biyu a bayansa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga karen yana ɗora ƙafa a kan ƙasa yana janyewa, kamar mai gwada ruwan zafi. Ya cire hularsa, ya ce wa mutanen su yi haƙuri su koma.

Canelo bai zama mai son jama'a ba, ƙafar kuma ba ta warke ba. Yakan kwanta a ƙarƙashin teburin tamale, kai a kan takalmin Doña Eufrosina. Wata huɗu ya yi a ƙasa, ya mutu. Ta naɗe shi a ƙyallen yayanta ta binne.

Da na je mata jaje, abu ɗaya ta ce: "Da na yi wa Crescencio rabin haƙurin da na yi wa karensa."

Darasi: Mai tsoro ba ya saukowa da igiya, sai da haƙuri, taki ɗaya bayan ɗaya. Kuma kada ka jira sai ɗan'uwanka ya tafi kafin ka tako zuwa gare shi. Ku tura wannan labari ga wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.